Na dawo daga rakiyar malamina, amma na kasa sanin sunan abin da nake ji

Alƙalami Shuɗi ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina leƙo zauren nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya ci ƙarfina.

Akwai wani malami da ya koyar da ni a jami'a. Ba zan kama suna ba, kuma don Allah kada a tambaye ni. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina biye da shi. Tun ina aji biyu na keɓe wani littafin rubutu mai baƙin bango don maganganunsa kaɗai. In ya faɗi abin da ya burge ni, a aji ne ko a ofis, sai in rubuta har da kwanan wata. Ya cika, na ƙara na biyu. Yanzu da ni ma nake koyarwa, yadda nake tsara darasi da yadda nake ɗan yin shiru kafin in amsa tambaya duk kwaikwayonsa ne. Matata har tsokanata take yi, wai in ina waya a ɗaki ba ta sanin ni ne ko shi ne ya kawo ziyara.

Wata huɗu da suka wuce ya fitar da sabon littafi. Da na kai babi na huɗu sai na ji kamar na taɓa bin wannan hanyar. Ashe kundin digiri na biyu ne na wata ƙanwarmu a karatu, wadda shi ya duba mata aikin shekara shida baya. Na san aikin ciki da bai, domin ni ta ba in karanta mata kafin ta miƙa. Na tono kwafin da ke kwamfutata na jera su gefe da gefe. Shafi ashirin da uku, kalma bayan kalma. Abin da ya ƙarasa ni shi ne jadawali na biyu: ta yi kuskuren lissafi a wurin, jimillar ba ta hau ba, ni da hannuna na ja mata jan layi a lokacin. Kuskuren nan yana nan daram a littafinsa. Sunanta kuwa ko a shafin godiya babu.

Na zaci zan yi fushi. Na kwana ina jiran fushin, bai zo ba. Bayan mako biyu ya gabatar da lacca, na je na zauna inda na saba zama. Yana da wata ɗabi'a, in zai faɗi babbar magana sai ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗaki. Duk shekarun nan in ya yi haka tsigar jikina tashi take yi. Rannan da ya cire, sai kawai na ga wani dattijo yana cire tabarau. Na kama kaina ina ƙirga sau nawa zai yi. Sau bakwai. Jama'a na tafi, ni kuma kamar an zuba mini ruwan sanyi a gwiwa.

Ba na ƙinsa. In aka ce ba shi da lafiya gobe zan je dubiya. Amma ya sire mini, kuma da ya tashi sirewa bai tafi shi kaɗai ba. Karatun kansa ya fara fita daga raina. In na ɗauki littafin wani marubucin daban sai in ji wata murya tana cewa, shi kuma wannan ko daga ina ya kwaso?

Mene ne sunan wannan halin? Yanke ƙauna ne? Shi ya yaudare ni, ko ni na yi wa rogo kallon kitse? Sannan littattafan nan biyu masu baƙin bango, ya zan yi da su? Na kai su bakin kwandon shara sau biyu ina dawo da su.

Tsohon Ɗan Jarida ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗana. Ba yanke ƙauna kake ciki ba. Wanda ya yanke ƙauna ba ya zuwa zaure ya tambayi yadda zai yi da littafi, ya riga ya jefar ya kwanta. Kai ka faɗi sunan abin da bakinka tun a kan magana: dawowa daga rakiya. Ka lura da hikimar wanda ya fara faɗin haka. Mai rakiya ba tafiyarsa yake yi ba, ta wani yake yi. Ranar da ya juyo sai ya tarar ya yi nisa da gida, kuma shi kaɗai zai tako.

Ni tawa rakiyar ta wata mata ce da ban taɓa gani ido da ido ba, Aung San Suu Kyi ta ƙasar Myanmar. Ku yara ba za ku gane yadda muka ɗauke ta ba. An ba ta kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1991 tana tsare a gida. Tsakanin 1989 da 2010 ta yi kusan shekara 15 a ɗaurin talala. Mijinta ya rasu a Ingila a 1999, ba ta je ba, don ta san in ta fita sojoji ba za su bari ta koma ba. Na yanko hotonta na manna a jikin teburina, na rubuta sharhi a kanta ya fi a ƙirga, duk lokacin da nake son kunyata wani shugaba da ita nake ba da misali.

Sai ga ta a kan mulki a 2016. A watan Agustan 2017 sojoji suka far wa 'yan ƙabilar Rohingya, mutum sama da 700,000 suka tsere zuwa Bangaladesh. Na ce a yi mata uzuri, ba ita ke riƙe da sojoji ba. Aka ɗaure wasu 'yan jarida biyu na kamfanin dillancin labarai na Reuters da suka bankaɗo kisan da aka yi a wani ƙauye, aka yanke musu shekara bakwai, ta fito ta ce doka ce ta yi aikinta. Nan na fara haɗiyar yawu, don waɗannan 'yan sana'ata ne. A Disamban 2019 kuma ta tafi da ƙafarta kotun duniya da ke ƙasar Holan, ta tsaya tana kare ƙasarta a ƙarar da Gambiya ta shigar kan zargin kisan ƙare dangi. Ranar na cire hoton.

Abin da na gane daga baya, kuma ya fi ciwo: ban tabbata matar nan ta sauya ba. 'Yar siyasa ce mai kishin ƙasarta a yadda ta fahimci kishin, tun farko. Mu ne muka hango mace tsare a gida ba ta magana, sai muka cika shirun nata da duk abin da muke so ta kasance. Wanda yake tsare ba shi da damar ba ka kunya. Saboda haka amsar tambayarka ta biyu, ku biyu kuka haɗu kuka yi aikin. Shi ya kawo tabarau, kai ka kawo tsigar jiki.

Kuma ka sani, da sojojin suka kifar da ita suka kulle ta a 2021, na ji tausayinta har cikin raina. Hoton dai bai koma kan tebur ba.

Uwar Biyu ta amsa:

Ku yi haƙuri Baba, ni abin da ya tsaya mini daban ne. Na karanta dogon bayanin nan tun daga sama ina jiran in ji me ya faru da yarinyar, shiru. Shafi ashirin da uku aka kwashe mata. Wa ya san dare nawa ta yi ba barci a kansu? Amma zancen duk ya koma kan tsigar jikin Malam Alƙalami da ta daina tashi.

Malam, ban raina abin da kake ji ba, wallahi. Sai dai kai mafarki aka tashe ka daga ciki, ita kuwa sata aka yi mata. Kwafin farko yana kwamfutarka, da kwanan wata a jikinsa, da jan layinka. Ka kira ta kuwa? Littafi mai baƙin bango zai iya jira.

Mai Nazarin Halayya ta amsa:

Anti Uwar Biyu ta riga ni faɗin mai zafin, bari ni in zo ta wata kusurwa.

Akwai wani bincike da ake koya wa kusan duk wanda ya karanci ilimin halayyar ɗan Adam. A 1954 wata mata a yankin Shikago ta Amurka ta ce ana aiko mata da saƙo daga wata duniyar, cewa ambaliya za ta ci ƙasa ranar 21 ga Disamba, amma jirgi zai sauko daga sama ya kwashe waɗanda suka ba da gaskiya. Wasu suka bar aiki, wasu suka rabar da kayansu. Masanin halayyar ɗan Adam Leon Festinger da abokan aikinsa suka shiga cikin mabiyan suna lura da su. Daren ya zo, mabiya suka taru har da cire duk wani ƙarfe da ke jikin tufafinsu, don an ce ba a shiga jirgin da ƙarfe. Sha biyun dare ta buga, ba kowa. Gab da asuba sai matar ta ce sabon saƙo ya iso: saboda imaninsu an fasa halaka duniya. A yadda littafin da suka fitar a 1956 ya ruwaito, mutanen da a da suke gudun 'yan jarida su ne suka koma kiran gidajen jarida da kansu. An soki binciken, domin masu lurar sun yi yawa a cikin ɗan ƙaramin taron har ana ganin sun shafi yadda abubuwa suka gudana. Amma ra'ayin da Festinger ya gina a kai ya zauna: in abin da mutum ya gani ya yi karo da abin da ya kashe rayuwarsa a kai, sau da yawa abin da ya gani ɗin yake lanƙwasawa, don ya fi arha.

Na kawo wannan ne saboda mutane suna ɗauka hujja ce ke sa a dawo daga rakiya. Hujja ita kaɗai ba ta cika isa ba. Yawanci ta daɗe tana ƙwanƙwasa ƙofa ana cewa ba kowa a gida. Ranar da mutum ya buɗe ita ce ranar da kuɗin musu ya fi ƙarfin aljihunsa. Kai jan layinka ka gani, rubutun hannunka ne, ba yadda za ka ce sharrin mahassada ne.

To Yaya, tambaya ɗaya, kuma ba dole ka amsa a nan ba. Cikin shekara goma sha ɗayan nan, wannan ne karo na farko da wani abu ya ƙwanƙwasa?

Mai Keke ya amsa:

Hhh, barka da zuwa ƙungiyarmu oga. Ni tseren keke ne abin sona, kuma Lance Armstrong ne ya yi mini nawa. Mutumin da cutar daji ta kama a 1996 har ta kai huhu da ƙwaƙwalwa, ya tashi ya ci babbar gasar keke ta Faransa sau bakwai a jere, 1999 zuwa 2005. Na sa ɗan abin hannun nan nasa mai ruwan ɗorawa har ya kode. Duk wanda ya ce yana amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari sai mun yi kaca-kaca. A Oktoban 2012 aka ƙwace kambunan duka, a Janairun 2013 ya zauna gaban mai shirin talabijin Oprah Winfrey ya amsa da bakinsa. Ka je ka duba jerin zakarun gasar, shekarun nan bakwai ba sunan kowa, an bar su fayau, don ba a ba na biyu ba.

Tun daga nan na huta. Ba na yabon kowa, ba na mamakin kowa. Duk gwanin da ka gani, asirinsa ne bai tonu ba tukuna. Ka ƙona littattafan ka sha iska.

Almajirin Littafi ya amsa:

Ɗan'uwa Mai Keke, wannan ba hutu ba ne, wanda maciji ya sara ne yake gudun tsumma. Kuma in ka duba, "kowa maƙaryaci ne" shi ma wani malamin ne ka kama bi ido rufe, bai fi na farkon hujja ba.

Malam Alƙalami, halin da kake ciki tsoho ne, kuma manya sun shige shi. Imam Ghazali ya fara koyarwa a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza a 1091, ɗalibai wajen ɗari uku suna zama gabansa. A 1095 sai harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da darasi, abinci ma ya gagare shi. Shi abin da ya sire masa ba wani malami ba ne, matsayinsa ne da kansa: ya binciki niyyarsa ya ga neman suna da ɗaukaka ne ke tuƙa shi. Ya bar kujerar ya nufi Sham, bai koma koyarwa a makarantar hukuma ba sai bayan kimanin shekara goma sha ɗaya, a Naishabur. A littafin da ya ba da labarin wannan tafiya, Al-Munƙiz minad Dalal, ya yi wata magana da ta dace da laccar da ka je. Ya ce sharaɗin mai bin wani ido rufe shi ne kada ya san cewa ido rufe yake bi. Da zarar ya sani, gilashin ya fashe, kuma ba ya ɗinkuwa da liƙi, sai dai a narka shi a wuta a sake ƙera wani. Shi ya sa ka zauna a kujerarka ta kullum, murya ita ce, tabarau shi ne, amma abin ya ƙi dawowa. Kada ka wahalar da kanka wajen liƙi.

Game da littattafanka biyu kuwa, a cikin wannan littafin dai ya ba da misali da zuma. Mai hankali ba ya ƙyamar zuma don ya same ta a ƙahon wanzami, domin ƙahon bai sauya zumar ba. Ya ce raunin hankali ne a riƙa gane gaskiya ta hanyar mutane, maimakon a san gaskiyar sannan a gane masu ita. Saboda haka ka buɗe su shafi-shafi. Kowace magana ka rufe sunansa da yatsa ka tambaye ta: in da wani baƙo ne ya faɗe ki a mota, za ki tsaya da ƙafarki? Wadda ta tsaya taka ce. Wadda ta faɗi, dama tabarau ne ke riƙe da ita.

Wani ɗan ƙari, tunda ka ce karatun kansa ya fara fita daga ranka. Masanin zamantakewar nan na Jamus, Max Weber, ya yi wa ɗalibai lacca a birnin Munik a 1917, ya yi amfani da wata kalma da ma'anarta ita ce cire wa duniya sihiri. Yana nufin mutumin zamani ya daina ganin akwai wani ɓoyayyen ƙarfi da ba ya lissaftuwa. Ko bai san yadda jirgin da yake hawa ke tafiya ba, ya yarda cewa in ya so zai iya koya. Shi zamani guda yake magana a kai, ba zuciyar mutum ɗaya ba, kada in haɗa abin da bai haɗu ba. Amma akwai inda suka yi kama. Da kana ganin ilimi wani haske ne da ke sauka a kan wasu zaɓaɓɓu. Yanzu ka ga ɗinkin ta ciki: mutane ne ke zama su rubuta, su yi kuskure a jadawali na biyu, wasu su yi sata. Kwarjinin ya ragu, gaskiya ne. Sai dai abin da aka ga yadda ake ɗinka shi, ana iya zama a ɗinka.

Alƙalami Shuɗi ya sake rubutawa:

Na gode muku duka. Kwana uku ban leƙo ba, ga dalili.

Anti Uwar Biyu, maganarki ta hana ni barci, kuma kin yi daidai. Wata huɗu ina jinyar kaina, ko sau ɗaya ban ɗaga waya ba. Shekaranjiya na kira ta. Na yi ta kewaye-kewaye, ita ta katse ni ta ce, "Yaya, babi na huɗu ne ko?" Tun makon da littafin ya fito ta gani. Na ce me ya sa ba ki gaya mini ba? Ta yi shiru, sannan ta ce ai ta ɗauka na sani, tunda ni ne na hannun damansa. Wata huɗu tana zaton da ni aka haɗa baki. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Malama Mai Nazari, amsar tambayarki a'a ce, kuma a nan zan amsa. Shekara uku baya wani ɗalibi ya same ni ya ce an buga maƙalarsa da sunan Malam a gaba, nasa a baya, alhali Malam bai sa ko waƙafi ba. Na ce masa albarkacin sunan Malam ne ma aka karɓi maƙalar, ya je ya yi godiya. Har na ji daɗin kaina rannan, wai na kashe fitina. Na nemi lambarsa jiya, ba ta shiga.

Littattafan kuwa na bi shawarar Malam Almajiri, na kai shafi arba'in a na farko. Da yawa sun zube, wasu ma dariya suka ba ni, magana ce mai daɗin amo ba komai a ciki. Guda biyar na gano asalinsu a wasu littattafan, ya faɗe su ne kamar nasa. Amma akwai waɗanda suka tsaya, kuma ɗaya daga ciki, mai kwanan watan shekarata ta uku, cewa ya yi kada ka taɓa yarda da jimillar da ba kai ka tara ta ba. Wannan maganar ce ta sa na ja jan layin nan a jadawalinta tun farko. Na daɗe ina kallon shafin. Baba, ban san inda zan ajiye wannan ba, a ɓangaren tabarau ko a ɓangaren zuma.

Na tura mata kwafin da ke wurina, da kwanan watansa, da shafukan a jere gefe da gefe. Na ce in ta yanke shawarar kai ƙorafi zan sa hannu a matsayin shaida, in kuma ta ga barin ya fi mata, ba zan matsa ba, don tana neman gurbin digiri na uku kuma ta fi ni sanin abin da take tsoro. Ta ce in ba ta mako guda.